'Yar Bayan Labule da Yaran Asabar

Allah ne ya ba mu shi, kuma Allah ya karɓi abinsa. Baba ya rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na gidanmu da ke unguwar Limawa a Minna, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma zan faɗi abin da ba a faɗa a zaman makoki: kukan da na yi kwana uku, rabinsa na rashin uba ne, rabinsa kishi ne tsantsa.

Tun kafin maza su dawo daga maƙabarta gidan ya cika da mutanen da ba danginmu ba. Wani ƙato mai gemu, direban motar haya, ya durƙusa gaban Inna yana shessheƙa kamar yau aka yaye shi. "Inna, shi ya koya mini ɗaukar zomo," in ji shi, "har yau ban ƙara kama zomo ta kunne ba." Wata mai sayar da kaji a Kasuwar Kure ta rufe shago ta zo da goyo a baya, tana cewa Baba ne ya nuna mata yadda ake gane kaza mai mura tun tana aji uku. Kowa da ya shigo "Babanmu" yake cewa. Ina zaune gefen Inna ina amsa gaisuwa, a raina kuwa ina cewa: Babanku a ina? Ku da ba ku taɓa wanke masa ko hula ba.

Sai ga 'yar mai kifi ta shigo. Haka muke kiranta tun muna yara, don uwarta Banufiya ce daga Bida, tana sayar da busasshen kifi, gidansu katanga ɗaya da namu. Yanzu likitar dabbobi ce a Paiko. Ta jefar da jakarta a ƙofa ta faɗi jikin Inna, Inna ta rungume ta, mata suka taso suna ba ta haƙuri. Ita ake ba haƙuri! Wata tsohuwa ma ta dafa ni ta ce, "Ki taya 'yar'uwarki, ta yi babban rashi." Na ce to. Na tashi na shiga ɗaki na tsaya bayan labule, daidai inda na saba tsayawa shekara talatin da suka wuce.

Baba nas ne a asibitin dabbobi, kuma ba ya yarda a kira shi likita. "Likita dubawa yake ya rubuta ya tafi," haka yake cewa, "ni ne mai share zawo." Kakanmu aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna daga wajen Kano, ya so ɗansa ya gaje shi a tasha, Baba kuwa tun yana ƙarami inda akuya take nan yake. Bayan aikin asibiti ya ƙirƙiro wa kansa wani aikin da ba wanda ya sa shi. Kowace Asabar da safe yaran unguwa, daga mai shekara biyar zuwa mai goma sha biyu, sukan taru a tsakar gidanmu wajen turke, ya zauna a kan turmin da aka kife, ya koya musu yadda ake kula da dabba. Ya yi haka kafin ritaya, ya ci gaba bayan ritaya, har Asabar ɗin da ta zo kafin ya kwanta ciwo.

Darasinsa na farko ba ya canzawa. "Ku fara gaisuwa," zai ce. Yaro zai durƙusa ya miƙa wa akuya bayan hannunsa, ya jira ta sansana, sannan ya taɓa ta. Wanda ya yi gaggawa Baba zai ce masa, "Kai haka kake faɗa wa mutane ɗaki ba sallama?" Daga nan sai jan fatar ido a ga ko ta yi fari, alamar tsutsar ciki. Sai matse fatar wuya a sake, a ga ko za ta koma da sauri, don a san ko dabba na da ƙishi. Sai cire kaska ba tare da an bar kanta a jiki ba. Leda ce babbar abokiyar gabarsa. Ya taɓa zuwa da wani dunƙule baƙi mai wari da aka ciro daga cikin tunkiya a mayanka, ya ajiye gaban yara ya ce su ƙirga ledojin alale da ke ciki. Tun daga ranar ba ka ganin leda a layinmu. A ƙarshe kowa ya wanke hannu da sabulu a bakin rijiya, wanda ya gudu bai wanke ba, Asabar mai zuwa a ƙofa zai tsaya.

Akwai ranar da yara suka taru suna jifan wani kare mai ciwo a kunne bayan masallaci. Baba bai yi tsawa ba. Ya je ya tsuguna nesa kaɗan da karen, ya ce wa shugaban masu jifan, "Zo riƙe mini kwalbar nan." Yaron ya riƙe kwalbar magani har aka gama wanke ciwon. Shi ne direban nan mai gemu.

Babbar kyautar ajin ita ce abin sauraren ƙirji. Yana cikin tsohuwar jakarsa ta fata, kuma duk Asabar yaro ɗaya ne kawai, wanda ya fi ƙoƙari, Baba ke saka wa a kunne. Zai ɗora ƙarfen bayan gwiwar ƙafar akuya ta hagu, ya kira sunan yaron cikakke, har da na ubansa, ya ce, "Me ka ji?" Idon yaron zai fito waje, ya ce, "Baba, tana bugawa!" Yara nawa na gani sun ji zuciyar akuyarmu, akuyar da ni ke share mata turke kullum? Ni ban taɓa ji ba.

Dalilin kuwa kowa ya san shi, har ni. 'Yar fari ce ni, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Inna "Yaya" take ce mini, bin bakin ƙannena. Baba kuwa in yana son ruwa sai ya ce wa ƙanina, "Gaya wa yayarku." In ba kowa kusa, sai ya ce wa iska, "A kawo ruwa." Na Inna bai dame ni ba, don Inna ba ta yabon ɗan kowa. Amma Baba! Mutumin da ya haddace sunan kowane yaro a Limawa, har da 'ya'yan baƙin da suka zo jiya. Da fari ina zama cikin yaran. Zai bi layi yana tambaya, sunan wannan, sunan wancan, in ya zo kaina idonsa ya tsallake kamar an bar gurbi a tabarma. Asabar uku na jure, ta huɗu na koma ɗakin Inna na tsaya bayan labule, inda nake ganin komai ba a gani na.

Na kai ƙara wajen Gwaggo, ƙanwar Baba, ina kuka. Ta ce, "Ke rufe mana baki. Babanki ma ɗan fari ne, har kakanki ya koma ga Allah bai kira sunansa ba. Ya mutu? Tarbiyya ce." Na ce, "To kakan nawa yana kiran sunan 'ya'yan maƙwabta a gabansa?" Ta ɗauki muciya, na fita da gudu.

'Yar mai kifi sa'ata ce, kuma ita ce ta fi kowa sa abin sauraren nan a kunne. A lokacin Hausarta ma ba ta nuna ba. "Baba, akuya shi ba ya ci abinci," za ta ce, Baba ya yi dariya ya ce, "Kun ji mai ido. Ku duk kun wuce ba ku lura ba." Yana cewa hannunta na da sanyi. Ni in na ji haka sai in duba nawa hannun bayan labule in rasa abin da ya same shi.

Shekarar da muka cika goma, Baba ya damƙa mata jar akuyarmu mai ciki, ta kula da ita mako guda. Kullum bayan makaranta za ta zo ta kai ta bakin fili ta ci ciyawa, ta dawo da ita ta ɗaure. Abu ɗaya ne ya gagare ta: ƙullin Baba. Baba yana da wani ƙulli da yake koya wa yara, wanda ba ya zargewa a wuyan dabba komai jan da ta yi, kuma ja ɗaya ake yi a kwance shi. Ita sai ta yi ƙulli kan ƙulli kan ƙulli, ba ya shaƙewa amma muni kamar kan tsintsiya. Ni kuwa na iya shi ido rufe. Da igiyar zanin Inna na koya, a ƙafar gado.

Ranar Alhamis da la'asar Inna ta tafi gidan suna, Baba bai dawo daga aiki ba, 'yar mai kifi ta ɗaure akuya ta wuce gida. Na fito na kwance ta, na ja ta sito, na buɗe mata buhun masara. Na san abin da nake yi, don daga bakin Baba na ji cewa hatsi mai yawa yana ɓata cikin akuya. Nufina ta yi zawo kawai, a ce mai sanyin hannu ta yi sakaci, in ga Baba ya ɗaure mata fuska ko sau ɗaya. Akuya ta ci har ta gaji. Na mayar da ita turke na ɗaure, na share sito, na wanke hannu da sabulu.

Da safe muka same ta kwance, ciki ya kumbura, tana cizon haƙora tana nishi. 'Yar mai kifi ta shigo da kayan makaranta, ta gani, ta fasa ihu: "Baba wallahi ni ba na ba shi komai! Ciyawa kawai!" Baba ya durƙusa gaban akuyar. Ya danna kwiɓinta na hagu, ya buɗe bakinta, ya tona kashinta da tsinke ya ga ƙwayar masara. Ya ɗura mata ruwan kanwa da man gyaɗa, ya ɗaga gabanta a kan buhu yana murza cikin. Sai da ta yi gyatsa ya miƙe. A nan ne hannunsa ya kai kan igiyar.

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Ya juya shi, ya ja, bai zarge ba. Ya san ba shi ya ɗaura ba, ya san kuma ba na 'yar mai kifi ba ne. Ya ce mata, "Share hawayenki, ba ke ba ce. Tafi makaranta." Sannan ya juya baya ga ɗakin Inna, ya ɗaga murya yadda labule zai ji, ya ce:

"Wanda ya ɗaura wannan ƙullin ya iya. Duk Limawa ba wanda ya kai shi. Saura ya koyi tausayi."

Wannan shi ne yabo ɗaya tak da Baba ya taɓa yi mini, kuma a cikin faɗa ya zo. Na tsaya bayan labule kunya na cina, kuma Allah ya yafe mini, daɗi ma na cina. Ya ce wa Inna, "A gaya wa yayarsu ta zauna da akuyar nan." Kwana biyar ina ba ta ruwa da busasshiyar harawa kaɗan-kaɗan, ina share mata zawo. Ta tashi, amma ta yi ɓari. 'Ya'ya biyu ne. Ni na haƙa rami bayan sito na binne su, ba wanda ya sa ni. Baba bai ƙara ta da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban ta da ba.

Na girma na ƙi duk abin da ya shafi dabba, don haushi. Na koyi ɗinki, na yi aure a Bosso. 'Yar mai kifi ta tafi jami'a da wasiƙar da Baba ya rubuta mata, ranar da ta gama ya yanka zakara. Da na haifi tawa 'yar farin kuwa, sai ga Baba ya ɗauke ta yana juyi da ita a tsakar gida, yana kiran sunanta yana waƙa da shi, yana ce mata amaryarsa, irin wasan kaka da jika. Ina kwance da jego ina jinsa, na ce oh, ashe bakin ya iya. Har 'yar cikina na yi wa kishi, ba zan ɓoye ba. Ni kuma, da duk wannan ƙorafin nawa, abin da aka yi mini shi na ɗauka. Shekararta tara yanzu, "ke" nake ce mata, ko in ce wa ƙannenta, "Ku kira yayarku." Ban taɓa zama na yanke shawarar haka ba. Bakina ne kawai ya ƙi.

Ranar sadakar uku da yamma, bayan mutane sun ragu, Inna ta kira ni ta miƙo mini jakar fatar. Na ce a raina ashe dai Baba ya tuna da ni. Sai ta ce, "Yaya, kai wa likita. Wasiyya ya bari, ita za a ba." Na riƙe jakar na ji kamar in wurga ta rijiya. Na ce, "Inna, ni ba 'yarsa ba ce?" Gwaggo da ke gefe da carbi ta ce, "Ke me za ki yi da ita, keken ɗinki za ki saurara?"

Na sami 'yar mai kifi zaune a kan turmin Baba wajen turke. Na dangwarar mata da jakar a cinya na ce, "Ga gadonki." Kuma tunda bakin ya buɗe, na ƙarasa: "Ni na ba jar akuya masara."

"Na sani," in ji ta. "Tun ranar na sani. Baba ya ce in na faɗa wa wani, kar in ƙara zuwa Asabar."

Ta buɗe jakar tana fito da kaya: abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafi, almakashi, tsohon sirinji na ƙarfe. Daga aljihun ciki ta zaro wata guntuwar igiya, ta yi baƙi don tsufa da hannun yara, da ƙulli a jikinta. Ta miƙo mini. "Wannan ba nawa ba ne. Ranar ya yanke ta daga wuyan akuyar, bai kwance ba. Duk yaron da ya zo koyon ƙulli, wannan ake ba shi ya duba. Yakan ce, ku kalla da kyau, wata ce ta ɗaura, ba a koya mata ba." Ta goge ido da mayafi. "Kin san sau nawa ya sa ni na kwance nawa na sake, da wannan a gabana? Na tsani igiyar nan. Har yau nawa bai kai shi ba."

Da labari ne, a nan zan ce zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Na kalli jakar a cinyarta, na kalli igiyar a hannuna, na ce, "Ke jaka, ni igiya." Ta yi dariya cikin kuka, ni ma na yi, amma da gaske nake. Shekara talatin yana ɗauke da aikin hannuna a aljihu, yana nuna wa 'ya'yan mutane, yana ce mini "wata". Da ya jefar da igiyar ya kira sunana sau ɗaya, da na fi so. Na gaya mata haka. Ta ce, "Ni kuma Asabar kawai nake da shi, ke kullum kina jin tarinsa." Na ce ta riƙe Asabar ɗinta. Washegari ta hau motar Paiko da jakar a kafaɗa, na raka ta har titi, don Inna na kallo.

Allah ya jiƙanka Baba, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da kowace dabba da ka sauƙaƙa wa ciwo da kowane yaro da ka hana jifa. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini 'ya'yan jar akuya. Amma ka bar ni da abu a wuya, kuma ga yadda na yi da shi.

Ranar Asabar da safe ina wanke kwanukan makoki na ji sallama ƙanana-ƙanana a zaure. Yara ne, su bakwai. Sun san Baba ya rasu, wasunsu ma sun zo gaisuwa da iyayensu, amma ba wanda ya ce musu an rufe aji, ƙafa kuma ta saba. Wata 'yar mitsitsiya tana jan ɗan akuya, igiya ta zarge masa wuya har yana kakari. Ta ce, "Anti, shi yana tari tun jiya."

Na yi niyyar cewa su tafi gida. Sai na ga kaina na durƙusa, na miƙa wa ɗan akuyan bayan hannuna. Ya sansana. Na sassauta zargen na cire, na shafa wuyan, na ja fatar idonsa na duba. Na ce, "Ba tari ba ne, ku kuka shaƙe shi. Wa ya ɗaura wannan?" Suka nuna juna. Na zauna a kan turmin, na zaro tsohuwar igiyar daga ƙugun zanina na ce su matso. Na tambayi sunan kowa, na kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gwada. Mai ɗan akuyan ta kusa samu, na ce, "Kai, yarinyar nan da hannu take!"

Ina rufe baki na ga labulen ɗakin Inna ya motsa. A ƙasansa ƙafafu biyu ne, da jan silifas ɗin da na saya wa 'yata a Kasuwar Kure kafin sallah. Na san tsayuwar nan. Na san inda ake sa ido a gefen labulen, na san yadda ake riƙe numfashi.

Gwaggo na zaune a tabarma bakin ƙofa da carbinta. Na kalle ta, na kalli labulen. Bakina ya yi nauyi kamar an ɗaure shi. Sannan na kira sunan 'yata, cikakke, da ƙarfi, har da na ubanta.

Carbin Gwaggo ya faɗi. "Subhanallahi! 'Yar farin?"

Labulen ya buɗe kaɗan. Yarinyar ta leƙo, ta duba zaure, ta duba wajen Gwaggo, ta waiga bayanta cikin ɗaki tana neman wanda ya kira ta. Ba ta san sunanta a muryata ba.

Na sake kira. Na ce, "Ni ce. Zo ki fara gaisuwa."